Unguwar GRA: Asalinta, Sirrin Inuwarta Da Darasinta Ga Haɗeja

Matafiyin da ya taso daga Haɗeja a tsakiyar bazara, ya ratso Gezawa, ya faɗo Kano ta 'Yankaba, ya miƙe titin da ake kira da sunan garinsu, da zarar ya karya kwana ya shiga Nasarawa, jikinsa ne zai fara ba shi labari kafin idonsa. Hucin kwalta ya ragu, hayaniyar 'yan adaidaita sahu ta koma nesa, rana kuma ta daina dukan ƙeya, domin rassan maɗaci da darbejiya sun yi wa wasu titunan rumfa. Wannan ita ce GRA, wato unguwar da gwamnati ta keɓe, wadda tun zamanin Turawa ta zama ma'aunin isa a idon ma'aikaci da ɗan kasuwa.

Kusan kowane babban gari a Arewa yana da tasa: Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato da Jos da Maiduguri, har da garuruwan da Turawa suka ajiye jami'an gunduma, irin su Haɗeja. Amma labarin ya fi fitowa fili a Kano, kuma a ƙarƙashin Kano Haɗeja ta zauna, a matsayin lardi sannan jiha, har zuwa ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991. Abin da ake saye da tsada a irin wannan unguwa abu biyu ne, sarari da inuwa. Doka ce ta samar da na farko, haƙurin shekaru ya samar da na biyu, kuma dukansu suna iya salwanta cikin ɗan lokaci.

Kafin zuwan Turawa

Sha'awar fita bayan gari a sha iska ta girmi mulkin mallaka. Sarakunan Kano suna da gidaje da gandaye a wajen ganuwa, inda sukan je su huta, su duba gonaki, wani lokaci su karɓi baƙi. Fanisau da Dorayi da Nasarawa suna cikin fitattun waɗannan wurare. A Fanisau ne matafiyin nan na Ingila, Hugh Clapperton, ya sadu da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1824. Gidan sarki na Nasarawa kuwa har yau yana nan, kuma a can makwancin wasu sarakunan yake. Shi ya sa ake yi wa Sarki Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, laƙabi da Maje Nasarawa, kuma a can aka binne Sarki Ado Bayero a 2014.

Cikin birnin ma bai rasa itatuwa ba. Durumi ko cediya a ƙofar gida su ne majalisar dattawa, ƙarƙashinsu ake karatun allo, ake ɗinkin hula, ake sasanta rigima. Sunayen unguwannin Kano shaida ne: Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa, Kurna, Giginyu, Tsamiyar Boka, Kasuwar Rimi. Bambancin shi ne, inuwar birni ta kowa da kowa ce, ba ta da katanga ba ta da maigadi. Inuwar da aka kewaye da shinge, aka ce ga masu shiga ga waɗanda ba su isa ba, ita ce sabon abin da Bature ya kawo.

Sauro, tsoro da yadi 440

A ƙarshen ƙarni na 19 zazzaɓin cizon sauro ne babban makashin Turawa a Afirka ta Yamma, har suka yi wa yankin laƙabi da maƙabartar farar fata. A 1897 wani likitan sojan Ingila a Indiya, Ronald Ross, ya gano cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar cutar. Likitocin mulkin mallaka suka ɗora wani hukunci a kan wannan bincike: tunda ƙwayar ta fi yawa a jinin yaran 'yan ƙasa, kuma sauro da dare yake cizo, to mafita ita ce Bature ya kwana nesa da baƙar fata. Da wannan hujja aka gina wa Turawa unguwa a kan tsauni a bayan Firitawun ta Saliyo a farkon shekarun 1900, har da ɗan layin dogo mai kai su ofis ya dawo da su.

Ba dukan Turawa suka yarda da haka ba. Gwamnan Legas na lokacin, William MacGregor, wanda shi ma likita ne, ya fi ganin a yashe fadamu a raba wa jama'a maganin kwini, kowa ya amfana. Amma ra'ayin wariya ne ya yi rinjaye, musamman a Arewa ƙarƙashin Gwamna Lugga, wanda aka haifa a Indiya kuma ya yi aikin soja a can, ya san tsarin barikokin da Ingilishi suka gina nesa da garuruwan Indiyawa. Dokar barikoki ta 1904 ta aza harsashi, dokar tsara birane ta 1917 ta kammala ginin. A ƙarƙashinta aka kasa birane mataki uku: Legas kaɗai ke mataki na ɗaya, Kano da Kaduna da Zariya suna na biyu.

Ƙashin bayan tsarin shi ne fili mai faɗin yadi 440, kimanin mita 400, wanda aka hana gini a cikinsa, ya raba unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa. An yi zaton sauro ba zai tsallake wannan tazara ba. Filin bai zauna haka kawai ba, a cikin irinsa aka shimfiɗa filayen sukuwa da na folo da na golf a garuruwa da dama. Sai dai hujjar lafiyar tana da ɓaraka tun farko, domin kuku da boyi da gadina da ɗan doki duk a ɗakunan bayan gidan Baturen suke kwana. Abin da tazarar ta fi karewa shi ne kwarjinin mai mulki.

Wani abin lura shi ne, a 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano, a ita aka fara gina Letchworth a Ingila, gari na farko da aka tsara bisa ra'ayin Ebenezer Howard na haɗa ni'imar ƙauye da wadatar birni. Howard talakan da hayaƙin masana'antu ya addaba yake son ya ceto. Da tunanin ya iso ƙasashen da aka mallaka, sai ya koma gata na 'yan tsiraru: Ikoyi a Legas, Rij a Akara, Filato a Dakar da Yamai.

Nasarawa da Bompai

Sojojin Ingila sun shiga Kano a ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Ba su zauna cikin birni ba, sai suka kafa mazauninsu a gabas da ganuwa, a Nasarawa da Bompai. A Nasarawa ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka raɗa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, kuma gidan ƙasar da ya zauna, Gidan Ɗan Hausa, yana nan ana ziyartarsa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa da 'yan kasuwar Kwara suka kwararo. Aka yanka Sabon Gari ga ma'aikatan da suka zo daga Kudu. Kano ta zama garuruwa da dama a wuri guda: birni na sarki da talakawansa, Fagge ta fatake, Sabon Gari ta baƙi, sai unguwar Turawa can gefe, da kulob ɗinta da cocinta da asibitinta. Asibitin Nasarawa na yanzu, mai ɗauke da sunan Muhammad Abdullahi Wase, asalinsa na Turawa ne.

Gidan wannan unguwa yana da siffa sananniya. Fili ne mai girma, sau da yawa eka guda ko fiye, da gida ɗaya tak a tsakiya. An ɗaga daɓensa daga ƙasa, rufinsa yana da tsawo, baranda ta kewaye shi don kada rana ta taɓa bango, tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa. Ba katanga, sai shingen shuke-shuke. Kafin na'urar sanyaya ɗaki, gini da bishiya ne kaɗai makaman yaƙi da zafi, don haka aka ba su muhimmanci.

Itatuwan da suka yi rumfar

Dajin da ake gani a tsohuwar GRA shuka shi aka yi. An bar wasu itatuwan gonakin da aka tarar, kamar tsamiya da kuka da ɗorawa da gawo, amma mafi yawan na bakin titi daga gandun renon itatuwa aka kwaso su, aka dasa a jere, aka yi musu kariya daga awaki, aka yi ta ban ruwa da rani har suka kama. Leburori da fursunoni da gadinoni 'yan ƙasa ne suka yi wannan wahala, ko da yake ba su aka shuka wa ba.

Maɗaci ɗan gida ne, yana da tsawo da faɗin kai, sai dai yana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya cika. Mangwaro da darbejiya kuwa asalinsu daga yankin Indiya ne. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu bedi, wasu maina, an shigo da ita Lardin Borno a wajajen 1928, daga nan ta bazu ko'ina a Arewa, saboda tana jure fari, tana saurin girma, ba ta zubar da ganye gaba ɗaya a lokacin da aka fi bukatar inuwa. Daga baya aka ƙara da turare da malga da sauran itatuwan ƙawa.

Aikin bishiya ya wuce tare rana. Tana zuƙo ruwa daga ƙasa ta fitar da shi ta ganye, wannan tururi yana sanyaya iskar da ke kewaye da ita, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo. Tana tare ƙurar hunturu, tana rage ƙarfin guguwar farkon damina da ke yaye kwano, saiwoyinta kuma suna buɗa ƙasa ruwan sama ya nutse maimakon ya malale kan titi. A garin da zafin Afrilu kan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyas, wannan ba ƙaramar dukiya ba ce.

Daga Bature zuwa ɗan ƙasa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wariyar ta fara rushewa. A 1947 wani otal a Legas ya hana Ivor Cummings ɗaki saboda launin fatarsa, alhali babban jami'i ne daga ofishin kula da ƙasashen mallaka a Landan. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa Gwamna Arthur Richards ya haramta nuna bambancin launi a wuraren jama'a. Sunan unguwar Turawa ya koma unguwar gwamnati, sharaɗin shiga ya tashi daga launin fata ya koma matakin aiki.

Da Arewa ta sami mulkin kai a 1959, Nijeriya ta sami 'yanci a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen tare da kujerun. Babban sakatare da alƙalin babbar kotu da likita da kwamishinan 'yan sanda suka tare, ana cire ɗan abin da bai taka kara ya karya ba daga albashinsu a matsayin haya. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Baƙo ya faɗaɗa gine-ginen gwamnati a wannan sashe. A nan ne 'yan bokon Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim da Birnin Kudu da suka yi fice a aikin gwamnati suka zauna, suka yi 'ya'ya, wasunsu ko bayan an koma Dutse ba su saki gidajensu na Kano ba.

Attajirai sun biyo baya. Arziƙin man fetur na shekarun 1970 da dokokin mayar da hannun jarin kamfanonin waje ga 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun samar da sabon rukunin masu kuɗi. Ɗan kasuwar da ya tashi a Ƙoƙi ko Fagge, mai shago a Kantin Kwari ko masana'anta a Bompai, sai ya bar gidan gado ga dangi ya gina nasa a Nasarawa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, samun fili a GRA ya koma batun kusanci da gwamnati. Daga 2003 kuma, da gwamnatin Obasanjo ta mayar da alawus na gida da mota kuɗi a cikin albashi, aka shiga sayar da gidajen gwamnati. Unguwar da aka gina don ma'aikaci ta faɗa kasuwa, kasuwar kuma ta fi ƙarfin albashi.

Abin da ke jan mutane

Na farko shi ne natsuwa. Mutumin da ya wuni cikin cunkoson Singa ko Dawanau, ko ya wuni yana sauraron masu neman alfarma a ofis, yana son wurin da zai rufe ƙofa ya ji kukan kurciya. Na biyu shi ne tsari: tituna a miƙe, magudanan ruwa a gine, kowane fili da lambarsa da taswirarsa. Wanda ya taɓa zama a unguwar awon igiya, inda mota ba ta shiga lungu kuma maƙwabci kan ci iyaka da dare, ya san darajar wannan. Na uku shi ne kusanci da hukuma. Gidan gwamnati da sakatariya da manyan kotuna da hedikwatar 'yan sanda duk a wannan sashe suke, kuma a al'adance wurin da manya suke shi ake fara gyara wa titi da wuta.

Na huɗu shi ne takarda. Fili mai shaidar mallaka ta gwamna banki yana karɓarsa jingina, don haka ga ɗan kasuwa gidan GRA wurin kwana ne kuma jari ne da ke tsere wa faɗuwar darajar Naira. Na biyar, wanda ba a cika faɗa a fili ba, shi ne suna. Adireshi yana magana a wurin neman aure, da neman kwangila, da neman takara.

Tsadar da ba ta cikin ciniki

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ruwan famfo ya daɗe da zama labari a sassa da dama, kowane gida da rijiyar burtsatsensa, da janareta ko faifan sola, da maigadi, da mai kwashe shara. Abin da gwamnati ke yi wa Bature kyauta, mai gida na yau da aljihunsa yake yi. Tsaron ma ba tabbas ba ne. Harin 20 ga Janairu, 2012, ya shafi hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, aka daɗe ana fama da shingaye a titunan yankin. Kusanci da hukuma yana da nasa haɗarin.

Akwai kuma tsadar zumunci. Gidan Bahaushe na gargajiya da zaure yake farawa, inda baƙo da almajiri da maƙwabci ke da hakkin sallama. Gidan GRA da ƙofar ƙarfe yake farawa, sai maigadi ya shiga ya tambayo. Zaman ya zama na 'yan marina, kowa da inda ya sa gabansa. Akan yi shekaru ba a san sunan na jikin katanga ba, yara su tashi ba su san dandali ba, tsoho ya yi ritaya ya rasa majalisar da zai zauna. Shi ya sa da yawa daga mazauna unguwar, in ɗaurin aure ko rasuwa ta taso, cikin gari suke komawa, ƙofar gidan iyaye, inda jama'a suke. Talakan da ke wucewa ta gefen katangar kuwa, a wurinsa inuwar giginya ce, na nesa ka sha.

Yadda inuwar ke ƙarewa

Lissafin mai sauƙi ne. Eka guda tana ɗaukar fuloti takwas masu ƙafa 50 da 100, har da ɗan saura. Idan mai gida ya rasu, magada suka yi yawa, sayarwa ce hanyar raba gado mafi sauƙi. Mai saye kuma ya biya kuɗin da gida ɗaya ba zai mayar masa ba, don haka sai ya rushe tsohon ginin, ya sare itatuwan, ya jera benaye ko shaguna ko otal ko makaranta ko wurin biki, ya malale sauran filin da siminti. Manyan titunan Nasarawa irin su Ahmadu Bello da Audu Baƙo da Titin Loj sun koma na kasuwanci a idon mutanen da ke raye yau.

Kowane mai fili yana da hujjarsa, amma sakamakon na kowa ne. Wanda ya sare nasa maɗacin yana dogara ne da inuwar maƙwabta, su ma kuma lissafin da ya yi shi suke yi. Siminti da kwano suna shan zafin rana su sake shi da dare, na'urar sanyaya ɗaki tana fitar da nata hucin waje, ruwan sama ya rasa wurin nutsewa ya cika titi, rijiyoyin burtsatse kuma ana ta ƙara musu zurfi. Bishiyar da ta shekara saba'in tana girma, injin yanka ba ya wuni a kanta. In aka ci gaba a haka, GRA za ta bi sahun Kurna da Giginyu: suna yana nan, abin da aka yi sunan dominsa ya tafi.

Gaskiya ne birni mai miliyoyin mutane ba zai iya ba kowa eka guda ba, kuma ƙara yawan gidaje a kusa da tsakiyar gari yana da amfani. Abin da ake bukata shi ne a ƙara gidajen ba tare da an kashe ni'imar ba, kuma wannan aikin hukumomin tsara birane ne, irin su KNUPDA a Kano: iyakance kason fili da za a gine, kare manyan itatuwa, da hukunta mai canza amfanin fili ba da izini ba.

Haɗeja: ruwa, tudu da itace

Haɗeja ta shiga hannun Turawa a watan Afrilun 1906, bayan yaƙin da Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya rasa ransa. Daga baya ta zama mazaunin jami'in da ke kula da sashen arewa na Lardin Kano, da barikinsa a wajen tsohon gari kamar yadda tsarin ya tanada. Amma layin dogon da ya kai Nguru a 1930 ta Malam Madori ya bi, kantunan sayen gyaɗa suka taru a can, don haka unguwar gwamnati ta Haɗeja ba ta yi girman ta Kano ba. Wannan jinkiri yana iya zama alheri, domin garin yana da damar koyo daga kuskuren wasu.

Yau Haɗeja cibiyar masarauta ce mai ƙananan hukumomi takwas, da babbar kasuwar kifi, da cinikin shinkafa da alkama da riɗi da tattasai, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman, ga jami'ar jiha a Kafin Hausa. Kuɗi yana shigowa, sababbin unguwanni suna tashi, mai hali yana neman inda zai gina gidan hutawa. A nan yanayin ƙasa yana da nasa sharaɗin. Kogin Haɗeja, wanda ya samo asali daga haɗuwar kogunan Kano da Challawa, yana bazuwa cikin fadamu kafin ya haɗu da na Jama'are su nufi Tafkin Chadi. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canza tafiyar ruwan, ciyawar kacala ta toshe hanyoyinsa, ambaliya ta zama baƙuwar da ake tsammani. A 2020 da 2022 mutanen yankin sun kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga don kare gidaje da gonaki.

Saboda haka a Haɗeja wurin da ya fi kore da rani sau da yawa shi ne ya fi haɗari da damina. Maraɗi ta ga irin wannan a 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon garin da ke kwari, aka mayar da shi kan tudu aka yanka sababbin tituna. Unguwar ni'ima a ƙasar Haɗeja kan tudu ya kamata ta zauna, a kai mata itatuwa, a bar fadama ga shinkafa da kifi da makiyaya da tsuntsayen Baturiya da ke zuwa daga Turai kowace shekara. Itatuwan fadamar ma, goruba da giginya da gawo da kanya, suna fuskantar gatarin masu itacen girki da gawayi, alhali Jigawa tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin nan na Afirka na kafa katangar itatuwa don tare hamada ya shafa.

Abin lura ga mai niyyar saye

Mai son fili a tsohuwar GRA ko sabuwar shimfiɗa, ya fara da ofishin filaye kafin ya biya dillali. Ya tabbatar da sunan da ke kan takardar shaidar mallaka, da shekarun da suka rage a wa'adinta, wanda yawanci 99 ne ga gidan zama, da ko akwai bashin harajin fili ko jinginar banki a kanta. Ya sani cewa doka ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da mallaka daga hannu zuwa hannu, kuma gwamna yana da ikon ƙwace fili don amfanin jama'a. In gidan gado ne, ya nemi shaidar kotu da yardar dukan magada. Ya tambayi abin da aka amince a gina a filayen da ke kewaye, kada ya sayi natsuwa ya wayi gari da wurin biki a jikin katangarsa. A ƙasar Haɗeja kuwa, ya je ya ga filin a watan Agusta ko Satumba, ya tambayi dattawan wurin inda ruwa ya tsaya a shekarun ambaliya.

In ya mallaka, ya bar wa ƙasa wurin shan ruwa, ya dasa itace tun kafin ya aza tubali, ya ba shi tazara daga harsashi da katanga saboda saiwa. Darbejiya za ta ba shi inuwa cikin 'yan shekaru, mangwaro ya ba 'ya'yansa abin marmari, maɗaci kuwa jikokinsa ne za su zauna a ƙarƙashinsa. Dashe a bakin titi, wajen katanga, ya fi lada, domin mai talla da ɗan makaranta da mai jiran mota duk za su raɓa. Waɗanda suka dasa itatuwan Nasarawa ba su sha inuwarsu ba, amma aikinsu ne ake saye da miliyoyi a yau, kuma babu abin da ya hana mazauna kowace sabuwar unguwa a Haɗeja ko Dutse ko Gumel su fara nasu a daminar bana.